Bayan canza gilashin gaba ko gyaran bamba: yadda ake sake saita kyamara da radar motocin zamani

Duk mazaunin Agege, Idi-Araba, Mile 12, Sabo ta Ibadan da ta Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri ya san yadda ake shirin tafiya gida. A kai mota a juye baƙin mai, a duba birki da taya, a kama hanya da asuba. Masu zuwa jihar Nasarawa daga Legas sukan bi ta Lokoja, Abuja, Kefi da Akwanga su sauka Lafiya. Na Inugu da Anacha da Fatakwal kuma su hauro ta Otukpo da Makurɗi. Wanda gidansu ko cinikin doyarsa da shinkafarsa ke Assakio, hedikwatar yankin raya ƙasa na Lafiya ta Gabas, sai ya ƙara gaba a kan titin da ya tashi daga Lafiya ya nufi Shendam.

A irin wannan doguwar tafiya, tsakuwa ɗaya da tayar tifa ta harbo ta isa ta tsaga gilashin gaba. Ko kuma ɗan acaba ya gogi bamba a bakin kasuwa. A da, magana takan ƙare a wurin mai gilashi ko fanel bita: a cire tsoho, a sa sabo, a biya, a wuce. Ga mai Golf, Sharon, Vectra, Big Daddy ko EOD, har yau haka abin yake. Amma ga wanda ya sayi tokumbo ta 'yan shekarun nan, akwai sauran aiki guda da yawancinmu ba mu san da shi ba, kuma masu gyaran ma ba kowa ne zai gaya maka ba. Motar tana da kyamara da rada da suke kallon hanya, suna iya taka birki ko murɗa sitiyari da kansu. Da zarar an taɓa wurin zamansu, sai an sake saita su. Masu sana'ar na kiran aikin kalibireshan, mu a nan za mu ce saiti.

Mene ne waɗannan na'urori, kuma ina suke zaune?

Sunan da kamfanoni suka haɗa su a ciki shi ne ADAS, wato na'urorin taimaka wa direba. Guda huɗu ne aka fi samu.

Ta farko kyamarar gaba. Tana manne a jikin gilashin gaba daga ciki, can sama bayan madubin tsakiya, cikin wani baƙin murfin roba. Ita ke ganin layin titi, da mota, da mutum mai tafiya a ƙasa. Ita ce kuma ke sauke fitila mai nisa idan wata mota ta taho.

Ta biyu radar gaba. Tana aika igiyar rediyo mai ƙarfin gigahaz 76 zuwa 77, igiyar ta bugi abin da ke gaba ta dawo, daga nan ta lissafa nisansa da gudunsa. A yawancin Toyota da Lexus tana bayan tambarin kamfani na gaba. Shi ya sa tambarin irin waɗannan motocin yake shafaffe sumul kamar an rufe shi da gilashi. A wasu motocin kuma tana ƙasa cikin bamba.

Ta uku radar gefe, guda biyu, a ɓoye cikin kusurwoyin bambar baya. Su ne ke kunna 'yar fitilar nan a madubin gefe idan mota ta shigo inda idonka ba ya kaiwa, su kuma yi ƙara idan kana ribas wani ya gifta.

Ta huɗu ƙananan sensa masu kama da maɓallin riga a jikin bamba, na fakin, tare da kyamarorin ribas da na ƙarƙashin madubin gefe waɗanda ke haɗa hoton kewayen mota a allo.

Duk bayanan nan kwamfutar mota ke tattarawa, ta haɗa da na sensar sitiyari da na gudun taya, sannan ta yanke hukunci: ta yi maka ƙara, ta ja sitiyari, ko ta taka birki.

Waɗanne motoci ne abin ya shafa?

Fasahar ta daɗe a motocin manya. Mercedes-Benz ta sa radar Distronic a S-Class tun wajen 1999. Abin da ya sauya shi ne yanzu ta sauko motocin kowa da kowa. Toyota ta fito da Toyota Safety Sense a 2015. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, inda akasarin tokumbonmu ke fitowa, Corolla, RAV4 da Highlander daga ƙirar 2017 duk suna zuwa da shi, Camry da Sienna kuma daga ƙirar 2018. Lexus RX daga 2017 na ɗauke da Lexus Safety System+. Honda Accord daga 2018 na zuwa da Honda Sensing. Hyundai na kiran nata SmartSense, Ford kuma Co-Pilot360. Subaru na amfani da kyamara biyu a jere, mai suna EyeSight.

Dalilin yaɗuwar ba ɓoyayye ba ne. A watan Maris na 2016, kamfanonin mota 20 suka yi alkawari da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, cewa kafin 1 ga Satumba 2022 kusan duk sabuwar motarsu za ta zo da birki mai kama kansa. A Afrilun 2024 hukumar ta mayar da abin doka, inda a lokacin ta tsayar da Satumban 2029 a matsayin lokacin fara aikinta. A Tarayyar Turai kuwa, tun Yulin 2024 ba a sayar da sabuwar ƙaramar mota sai da irin wannan birki da na'urar tsare layi. Ka ga kenan duk motar da za ta sauka a Tin Can nan da 'yan shekaru, da wuya a samu wadda ba ta da waɗannan idanu.

Hanya mafi sauƙi ta gane ko taka na ciki: tsaya a gaban motar ka dubi saman gilashi ta wajen madubi. Idan ka ga wata 'yar taga mai kusurwa uku ko huɗu da ƙwayar kyamara a ciki, to kana ciki. Duba sitiyari ma, ko akwai maɓalli mai hoton mota tsakanin layi biyu, ko mai hoton mota da 'yan sanduna a gabanta. Shekarar mota kaɗai ba ta isa hujja ba, domin wadda aka ƙera don Dubai ko don kasuwar Afirka tana iya zuwa babu ko ɗaya.

Ɗan kaucewa kaɗan, me zai ɓata?

Nan ne mutane suka fi yin musu. Mai gilashi zai ce ai ya mayar da kyamarar daidai inda ya ciro ta. Gaskiyarsa ta ido ce, amma kyamarar nesa take kallo, kuma kuskure ƙarami a jikin gilashi yana girma ne gwargwadon nisa.

Ga lissafin. Idan kyamara ko rada ta karkace da digiri ɗaya tak, abin da ido ba zai taɓa gani ba, to a nisan mita 100 ganinta ya kauce da kusan mita 1.75. Faɗin layi ɗaya a manyan titunan tarayya kusan mita 3.65 ne. Wato digiri ɗaya ya ci rabin layi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, ka ga mita 100 ɗin nan bai kai daƙiƙa huɗu ba.

Illar na zuwa ta fuska biyu. Ko dai motar ta ɗauka tirelar da ke tsaye a layinka tana layin gefe, ta ƙi yin ƙara ko ta makara wajen kama birki. Ko kuma ta ɗauka motar da ke tahowa a ɗaya hannun tana gabanka, ta danna birki babu gaira babu dalili. Wanda ya san titin Legas zuwa Ibadan, da tanka a bayansa tana hura masa hon, ya san abin da birkin ba-zata ke nufi. A titi mai hannu biyu ba tare da shinge ba, irin na Lafiya zuwa Assakio, na'urar tsare layi da ta karkace tana iya riƙa jan sitiyari zuwa tsakiyar hanya ko zuwa gefen kwalta.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne sau da yawa babu fitilar da za ta kama a dashbod. Kwamfutar mota tana gane an cire waya ko an toshe kyamara, amma ƙaramar karkata ba lallai ta gane ba. Ita dai tana ganin hoto, tana kuma ɗauka cewa tsakiyar hoton shi ne tsakiyar hanya. Don haka dashbod mai tsabta ba shaida ba ce cewa saiti yana nan.

Idan na'urorin suna kan saitinsu, amfaninsu babba ne. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano cewa birki mai kama kansa na rage haɗarin bugun mota ta baya da kusan rabi. Ita dai wannan cibiya ta fitar da wani bincike a 2023 a kan waɗanda aka yi wa gyaran na'urorin: kusan biyu cikin uku na waɗanda gyaransu ya haɗa da canza gilashin gaba sun ce sun ci gaba da samun matsala bayan aikin, haka ma kusan uku cikin huɗu na waɗanda gyaransu ya biyo bayan haɗari. A Amurka kenan fa, inda kayan aikin suke ko'ina.

Ayyukan da ke buƙatar a sake saiti

Canza gilashin gaba, ko cire kyamarar a mayar, ko da gilashin bai canza ba.

Cirewa ko canza bambar gaba, ragar gaba ko tambari, musamman idan an taɓa ƙarfen da radar ke zaune a kai.

Duk wani karo ta gaba, ko da ƙarami ne. Robar bamba takan lotsa ta dawo kamar ba abin da ya faru, alhali ƙarfen da ke riƙe da radar a ciki ya lanƙwashe.

Bugun kwanon baya ko canza bambar baya, saboda radar gefe.

Canza madubin gefe a motar da ke da kyamarar kewaye.

Aikin ƙafa da alaimen, ko canza sitiyari. A nan sensar sitiyari ce ake sake nuna wa inda tsakiya yake.

Ɗaga mota ko sa taya da ta fi ta asali girma. Da yawa daga cikinmu kan ɗaga mota saboda ramuka da hanyar ƙauye. Tsayin mota ya canza, kusurwar kallon kyamara ma ta canza.

Gyaran fuska da ake kira ofgired, wanda ya yi kasuwa a Legas, inda ake sa wa tsohuwar ƙira bamba da fitilun sabuwa. Idan motar mai rada ce, sabuwar bambar ba lallai ta bar radar a mazauninta ba.

Akwai kuma abubuwan da ba saiti suke so ba, cirewa suke so. Ƙarfen gadi da ake ɗaura wa Hilux da jif a gaba yana tare radar. Tambarin gama-gari da aka saya a madadin na asali da ɓarayi suka ɓalle yana iya hana igiyar wucewa. Bodi fila mai kauri ko fenti hawa-hawa a kusurwar bamba yana dushe radar gefe. Sitikar ƙungiya, ta ƙaramar hukuma ko tintin da aka liƙa a saman gilashi, idan suka hau tagar kyamara, sun rufe mata ido.

Yadda ake yin saitin

Hanya biyu ce, kuma kamfanin da ya ƙera motar ne ke faɗin wadda za a bi. Wasu motocin ma sai an haɗa duka biyun.

Ta farko saitin tsaye. Ana ajiye motar a daɓe mai shimfiɗa ɗaya, babu gangara, da haske daidai, da fili na mitoci a gabanta. A daidaita iskar taya, a sauke kaya daga but. Sai a nemo tsakiyar motar da igiyar awo irin ta magina ko da hasken leza, a ja layi a ƙasa, a kafa wani allo mai zanen baƙi da fari a nisa da tsayin da littafin kamfani ya faɗa. A jona kwamfuta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, a umarci kyamarar ta kalli allon ta koyi inda tsakiya yake. Ita radar Toyota wani ƙarfe mai kusurwa uku ake kafa mata, ta harba igiya ta dawo. Shi ya sa ba a son tarkacen ƙarfe a kusa. Ka ga kenan garejin gindin mangwaro, da ƙasa tudu da kwari da tsofaffin injuna zube, ba wurin wannan aiki ba ne, komai ƙwarewar mai shi.

Ta biyu saitin tafiya. A jona kwamfuta, a hau titi mai layi a bayyane, a riƙe wani gudu na wasu mintoci har kwamfutar ta ce ta gama. Motocin Ford da yawa haka ake musu. Sharaɗinsa layin fenti mai kyau a titi, da rana, ba ruwa ba hazo. A yankin Lafiya, tagwayen titin Kefi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi, wanda kamfanin China Harbour ya gina aka fara karɓar kuɗin tolget a kansa a Fabrairun 2025, shi ne irin titin da wannan saiti ke so.

Kafin kowanne, alaimen ne farko. Idan ƙafafun baya suna tura mota gefe, aka saita kyamara a haka, an gina saiti a kan karkatacciyar hanya. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye.

A lura da wani abu da ke yawan faruwa. Mai wayarin ya sa wa mota kwamfuta, ya goge lambar matsala, fitila ta mutu, ya ce an gama. Goge fitila daban, saiti daban. Ƙaramar na'urar sikanin da ake riƙewa a hannu tana iya gogewa, amma saiti sai da manhajar kamfani, irin Techstream ta Toyota ko HDS ta Honda, ko manyan na'urorin Autel, Launch da Bosch, tare da allunan da suka dace da motar.

Shi kansa gilashin da gam ɗinsa

Gilashin gaba falle biyu ne da siririyar leda a tsakiya, shi ya sa yake tsagewa ba ya tarwatsewa. Kyamara ta cikinsa take kallo, kamar mai sanye da tabarau. Idan gilashin yana da 'yar murɗiya a daidai tagar kyamara, ko an manna mazaunin kyamarar a karkace tun daga masana'anta, saitin zai ƙi kamawa, ko ya kama a kan kuskure.

Idan za ka saya a Ladipo ko Owode Onirin a Legas, Agodi Gate a Ibadan, Nkpor kusa da Anacha ko Ikoku a Fatakwal, tafi da lambar shasin motarka mai harafi da lamba 17. Mota ɗaya, shekara ɗaya, tana iya samun gilashi iri uku ko huɗu: mai kyamara, marar kyamara, mai sensar ruwan sama, mai waya ta ɗumama. Duba hatimin da ke kusurwar ƙasa. Na ƙwarai yana ɗauke da sunan masana'anta, irin su AGC, Pilkington, Saint-Gobain Sekurit ko Fuyao, da alamar DOT da AS1, ko harafin E a cikin da'ira da 43R. Idan tokumbon gilashi ne, ɗaga shi a rana ka duba tagar kyamara, kada a samu ƙarzuwa ko tabo. Kada ka yarda a ɓamɓaro mazaunin kyamara daga tsohon gilashi a liƙa a sabo da sufa gulu. Araha ba ta ado a nan.

Gam ma abin dubawa ne. Gilashin motocin yanzu da gam ɗin yuretan ake kama shi, ba silikon na tagar gida ba. Gilashin na taimaka wa rufin mota idan ta kife, kuma jakar iskar kariya ta fasinja, wato eyabag, a jikinsa take jingina idan ta fashe. Kowane gam yana da lokacin bushewarsa a rubuce a jikin kwalinsa, wani awa ɗaya, wani sai ya kwana. Kada a gama liƙawa ka ce za ka kama hanyar Lokoja nan take.

Motocin gwanjo: matsalar da ke zuwa tun daga jirgi

Ba sirri ba ne cewa kaso mai yawa na tokumbon da ke sauka Legas motocin haɗari ne da aka saya a gwanjon Copart da IAA a Amurka. A gyara su a nan, a yi fenti, a kai Berger ko wani filin sayar da mota suna ƙyalli. Yawancin bugun ta gaba ne, daidai inda rada take. Sau da yawa akan sa bamba da tambari na gama-gari, a ɗaure radar da waya ko a bar ta a but, wani ma ya kashe fitilar gargaɗin daga cikin dashbod.

'Yan'uwanmu da ke sayen mota a kudu suna kai wa arewa, ko masu sayo wa iyaye da abokan ciniki, ga abin dubawa. Ka sa lambar shasi a Google, sau da yawa hotunan gwanjon za su fito ka ga inda aka buge ta. Rahoton Carfax ma na nuna tarihinta. Kunna mota ba tare da tayar da inji ba, ka ga ko fitilar PCS da ta eyabag sun kama sannan sun mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, a bincika. Sannan a sa babbar kwamfuta a ga ko kyamara da rada suna amsawa. Idan kai ne mai sayarwa kuma ka san an cire radar ko ba a saita ba, faɗa wa mai saye. Mutumin da ya san motarsa ba ta da birki mai kama kansa zai yi tuƙi da saninsa. Wanda aka bari yana zaton tana da shi, ranar da ya dogara da shi ce ranar da zai gane.

Idan abin ya same ka a Assakio ko a hanya

A ce ka je gida hutun Sallah ko ɗaukar kaya, tsakuwa ta sami gilashi tsakanin Lafiya da Assakio. Ga yadda za ka bi da shi.

Idan ɗan tabo ne da bai kai girman kwabo ba, kuma ba a tagar kyamara ko daidai idon direba yake ba, manna masa farin salatif don kada ƙura ta shiga. Kada ka watsa wa gilashi mai zafi ruwan sanyi, kada ka sakar masa iskar esi kai tsaye. Irin wannan ana iya cike shi da wani ruwan gam na musamman ba tare da an cire gilashi ba, ka ga babu zancen saiti.

Idan tsagar tana tafiya amma ba ta hana ka gani, kuma ba ta kai tagar kyamara ba, ya fi maka ka lallaɓa zuwa inda za a haɗa maka canji da saiti a wuri ɗaya. Daga Lafiya, Abuja ce babban birni mafi kusa da za ka nemi haka, ko a garejin dilan kamfani ko a manyan garejin kwamfuta. Yi waya tukuna, ka faɗi sunan mota da shekara, ka tambaya ko suna da allon saitinta.

Idan kuwa gilashin ya lalace dole sai an canza a Lafiya, to a canza, amma ka ɗauka cewa daga nan har zuwa ranar saiti motarka tsohuwar ƙira ce. Shiga menu na dashbod ka kashe na'urar tsare layi da birkin gaggawa, kada kuma ka yi amfani da kurus mai bin motar gaba. A Toyota, birkin gaggawar yana dawowa da kansa duk lokacin da ka sake tayar da mota, don haka sai ka riƙa tunawa a kowane zango. Ba da tazara, ka kiyaye ƙa'idar gudu ta FRSC: kilomita 100 a babban titi mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Da ka isa Legas, Ibadan ko Fatakwal, saiti ne aikin farko.

Alamomin da ke nuna akwai matsala: saƙon Pre-Collision System Malfunction a dashbod, ƙara ko birki alhali babu komai a gaba, sitiyari na ja gefe ɗaya idan na'urar layi na kunne, kurus na rage gudu saboda motar da ke wani layin, ko fitilar madubi na kamawa babu kowa a gefe.

Tambayoyi biyar kafin ka miƙa makulli

Gilashin nan na mota mai kyamara ne, kuma ya dace da lambar shasina?

Wane gam za ku sa, awa nawa kafin in tuƙa?

A nan za a yi saiti ko wani wuri za ku tura ni? Nuna mini allon da filin.

Kuɗin saiti na cikin kuɗin aiki ko daban ne?

Za ku ba ni rahoton kwamfuta na kafin aiki da na bayan aiki, a takarda ko ta WhatsApp?

Wanda ya ce maka ai motar za ta saita kanta idan ka yi tafiya, nemi ya nuna maka a littafin kamfani. Rahoton kuma ka adana shi tare da takardun mota. Zai yi maka amfani wurin inshora idan kana da mai cikakken rufi, zai kuma ƙara wa motar daraja ranar sayarwa.

Abin da saiti ba zai gyara ba

Ko da an saita komai daidai, an ƙera na'urorin nan ne da titunan Amurka, Turai da Japan a rai. Hazon hunturu, ruwan sama mai ƙarfi, rana tana fuskantarka da yamma, ko zafin da mota ta sha a fakin, duk suna iya sa kyamara ta ɗauke na ɗan lokaci, ka ga saƙon Front Camera Unavailable. Wannan ba lalacewa ba ce, takan dawo idan gilashi ya huce ko an goge shi. Laka a kan tambari ma haka, tsumma mai laushi da ruwa sun isa. Inda babu layin fenti a titi, na'urar tsare layi ba ta da abin bi. Ɗan acaban da ya faɗo daga lungu, akuya, garken shanu da ke tsallaka titi da magariba, motar da ta mutu babu fitila an jera mata ganye a baya, duk waɗannan idon direba ne maganinsu.

Saboda haka lissafin mai sauƙi ne. In motarka ba ta da kyamara a bayan madubi, canza gilashinka ka yi gaba. In tana da ita, kuɗin gilashi da kuɗin saiti kuɗi ɗaya ne, a tanade su tare tun kafin a cire tsohon. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya dawo da shi lafiya.